Burtalin da Na Kulle a Cikin Faifai

Sautuka uku kunnena ya tashi da su waɗanda a yau, ko mutum ya karaɗe ƙasar nan daga Babura har Gwiwa, da wuya ya ji ɗaya daga cikinsu. Na fari shi ne ƙarar alƙalamin kara bisa takarda, wadda na saba ji tun ina ɗan ƙanƙane a zauren Baffa, yayan mahaifina, mutumin da ya yi wa dagatai biyu na ƙauyenmu magatakarda. Ni ke dama masa tawada, ni ke fiƙe masa alƙaluma, kuma daga bakin zauren nan nake jiyo shanu suna gangarawa tafki da yamma, makiyaya na yi musu kira da sunayensu. Na biyu shi ne ƙwas-ƙwas ɗin tafireta, wadda na ci tuwo da ita shekaru masu dama ina akawu a wani ofishi a Roni. Na uku kuwa, wanda ya fi su gajeren kwana, kuma ya bar mini tabon da zan shiga kabari da shi, shi ne gurnanin da kwamfuta take yi in an zura mata faifai. Wani ɗan baƙin abu ne na roba mai kusurwa huɗu, bai wuce tafin hannu ba, da 'yar ƙofar ƙarfe mai zamewa a kansa. Masu ji da boko suna ce masa fulofi, mu kuwa faifai muka sa masa, sunan kuma ya zauna. Abin da ya sa na ɗauki biro a kan wannan abu da duniya ta manta da shi, makon jiya ne garken shanu ya wuce ta ƙofar gidana a kan kwalta, kuma ni na san abin da ya hau da su kwaltar.

Sa'ad da aka kawo kwamfuta ofishinmu, jiharmu ma ba ta gama tatata ba. Tilo ce, ba ta da 'yar'uwa. Aka ware mata ɗaki da teburinta, aka sa tela ya ɗinka mata riga, aka kafa mata fanka alhali mu 'yan Adam muna fifita da bangon fayil. Ba mai shiga wurinta da takalmi. Ni aka zaɓa aka tura Kano koyo, domin yatsuna sun riga sun san mazaunin haruffa. Na komo ana ce mini Malam Mai Kwamfuta, kuma ba zan ɓoye ba, sunan ya yi mini daɗi fiye da kima. Kullum da safe sai in tuɓe mata riga, in goge gilashinta da ƙyalle mai laushi, in zauna jiran wuta kamar mai duban wata. Da an kawo, sai ka ji ofis ya ɗauka, kowa na rugowa da takardarsa.

Faya-fayan suna cikin wani ɗan akwati, makullinsa kuma ba ya barin aljihuna. Kowanne da 'yar takarda manne a goshinsa, inda nake rubuta abin da ke ciki. Dokokinsu sun fi na mai jego yawa: ba a barin faifai a rana, ba a ajiye shi kusa da rediyo, ba a sa shi a aljihun wando, ba a taɓa cikinsa da yatsa. A gindinsa akwai wata 'yar taga, in ka ture marfinta ka kulle shi ke nan, ba mai iya goge abin da ke ciki ko ya ƙara wani. In ka tura shi bakin na'urar sai ka ji ƙyat, wata 'yar fitila ta kama, sa'an nan gurnanin ya biyo, kamar ana niƙa a gidan maƙwabta. Ba a zare shi sai fitilar ta mutu. Da yake na'urar da ke fitar da rubutu a takarda tana Kazaure, duk abin da na buga sai in ɗora shi a faifai, in naɗe a hankici, in sa a aljihun gaba, in hau babur, hannuna dafe da ƙirji duk inda muka faɗa rami. Abin da a da sai an ɗaure shi da igiya an ɗora a kai, ga shi kwance bisa zuciyata bai kai nauyin goro ba. Yaran yanzu suna aika magana ƙetaren teku da babban yatsa, ɗaya hannun yana ɓare gyaɗa, ba su san nauyin abin da suka aika ba. Mu mun san nauyinta, domin mun goya ta. Sai dai sanin nauyin abu daban, sanin kwanansa daban.

Ina cikin wannan tashen ne Baffa ya aiko a kira ni. Na iske shi a zaure tare da Ardo, shugaban Fulanin da ke zaune gabas da ƙauyenmu, amininsa tun suna samari. Da yake kakarmu, mahaifiyar Baffa, Babarbariya ce, ba su taɓa zama wuri guda ba tare da tsokana ba. A gabansu ga gafaka a buɗe, ga warƙa bakwai na ajami shimfiɗe bisa buzu. Yarjejeniyar burtali ce, wato hanyar da manoma suka bar wa shanu a tsakanin gonaki domin su riƙa isa tafki. Baffa ne ya rubuta ta da hannunsa yana saurayi, bayan wata rigima da sai da aka zub da jini. A cikinta akwai inda burtalin ya faro, da itatuwa da duwatsun da suka yi masa iyaka, da faɗinsa taku nawa ne, da sunayen dattawan da suka shaida daga ɓangarorin biyu. Gara ta cinye gefunan, ɗigon damina ya jiƙa tsakiya, idon Baffa kuma ya fara yin yana.

“Akawu,” in ji Baffa, domin haka yake kirana, “ka ga ta'asar da gara ta yi mini. Samo takarda mai kyau ka kwafe wannan, tun idona yana gane hannuna.”

Na ce, “Allah gafarta Malam, ai zamanin kwafa ya wuce. Takarda abincin gara ce. Akwai inda zan sa muku ita, gara ba ta ci, ruwa ba ya wankewa, har jikokin jikoki.” Na zaro faifai daga aljihu na miƙa da hannu biyu.

Ardo ne ya karɓa. Ya juya shi gaba da baya, ya shinshina, ya kai kunne ya girgiza. Ya dubi Baffa ya ce, “Kai Babarbare, bawana, ɗan nan naka ya fi ka wayo. Wai burtali guda, da tafki, da tsamiya, duk a cikin wannan marfin?”

“Yi mana shiru, Bafillatani,” in ji Baffa. “Kai da ba ka gane hanya sai ka kama wutsiyar saniya.”

“Wutsiyar saniya ba ta taɓa ɓatar da ni ba,” Ardo ya ce. “Ni dai an ce mini akwai garke a cikin nan, amma ban ji kukan ko maraƙi ba.”

Muka yi dariya, ni kuwa tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Ranar Asabar, da izinin maigidana na ofis, na kawo su gaban kwamfuta. Suka tuɓe takalma, Ardo ya jingine sandarsa a bakin ƙofa kamar mai shiga fada. Baffa yana karantawa ina bugawa da boko. Inda gara ta ci, sai ya rufe ido ya kawo kalmomin daga ka, Ardo ya ce, “Haka ne,” ko kuwa ya ce, “A'a, bawana, aduwar tana hannun hagu in ka fuskanci dutse.” Su yi musu, su shirya, in buga. Tun hantsi muke abu guda har la'asar, sau biyu ana ɗauke wuta. Da muka gama, na'urar ta nemi suna, kuma a wancan zamani ba ta karɓar sunan da ya wuce harafi takwas, sai na rubuta BURTALI. Na ɗora shi a faifai biyu, na kulle tagoginsu. Domin in burge su, na share gilashin ya koma fayau, na mayar da faifai, aka yi gurnani, sai ga maganarsu ta dawo layi bisa layi. Baffa ya riƙe gemu ya ce, “Ikon Allah sai kallo.”

Ardo ya ce, “Madalla. To a ba ni nawa a takarda, in sa ƙarƙashin matashi.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, daga takarda muka gudo, ka ce mu koma? Duk ranar da ake so, in na hau babur zuwa Kazaure, kafin azahar na dawo da ita.”

Ya dube ni ya ce, “To, Malam, kai ka sani.” Ya ɗauki sandarsa. Allah shi ne shaida na yi niyyar buga masa. Sai dai “duk ranar da ake so” ba ta cikin kwanakin mako.

Abin da ya biyo baya, wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce wauta ce, alhali ladabi ne. A wurin Baffa, takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a barinta ta wulaƙanta. Yarjejeniyar nan da bisimilla ta buɗe, da ayar cika alkawari ta rufe. Irin wannan in ta tsufa ta fara marmashewa, guntayenta na faɗuwa inda ƙafa ke takawa, to da zarar an tabbata an kwafe ta sai a naɗe ta a binne a wuri mai tsarki. Haka ya ga malamansa suna yi. Sau uku ya tambaye ni, “Akawu, kwafi ya tabbata?” Sau uku na ce, “Ya tabbata, Baffa.” Ni na ɗauki dagi, ni na haƙa ramin a bayan masallaci da hantsin wata Juma'a. Ya naɗe warƙoƙin a farin ƙyalle ya sa da hannunsa. Yana da wata magana da yake yawan faɗa mana muna yara, cewa abin da ka ajiye a ka naka ne, abin da ka ajiye a takarda aro ne. Ranar nan da ya gama tura ƙasa, sai ya kakkaɓe hannu ya ce, “To, mun mayar da aro.” Ban tsaya na tambayi kaina ba, abin da aka ajiye a faifai shi kuma mene ne sunansa.

Daga nan kwanaki suka yi ta aikinsu. Baffa ya riga mu gidan gaskiya, Ardo ya bi shi da damina guda, shaidun da suka rage suka yi ta zubewa kamar ganyen kaka. Kwamfutarmu tsawa ta ƙone ta, ta yi shekaru a sito, daga bisani 'yan gwangwan suka auna ta. Waɗanda aka kawo a madadinta sirara ne, masu sauri, kuma wata rana na lura ba su da bakin da ake zura faifai. Na ce a raina zan nemi tsohuwa in kwashe abin in mayar wani wuri. Ban yi ba. Na yi ritaya, na sa faya-fayan biyu a ƙasan adaka cikin hankicinsu, tare da takardun gida da kwalbar turare, ina jin kaina kamar mai rumbu cike. A can ƙauye kuwa mutane suka yawaita, gonaki suka rarrabu a gado, wasu aka sayar. Ba wanda ya tashi rana guda ya ce zai cinye burtali. Kunyar shuka ɗaya ake ƙarawa bana, ɗaya baɗi. Aka sare tsamiyar da ke bakinsa. A da manomi roƙon makiyayi yake ya kwana masa a gona bayan girbi saboda taki, matansu na musayar nono da gero. Yanzu taki a buhu yake zuwa, maƙwabtaka kuma ba a sa ta a buhu.

Farkon bazarar bana aka yi sallama da ni. Ɗan Ardo ne, wanda shi ne Ardo a yanzu, shi ma gemu ya yi fari. Bayan mun gaisa ya ce, “Yaya Akawu, hanyar tafki ta toshe. Waɗanda ke noma wurin sun ce ba su taɓa sanin burtali a nan ba. Hakimi ya sa mana zama mako mai zuwa, ya ce kowa ya kawo hujjarsa. Kafin Baba ya rasu ya ce mini burtalinmu yana aljihunka. In babu hanya, shanu ba za su sha ruwa ba, sai mu tashi. Kaburburanmu kuwa suna nan.”

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa. Har a wannan rana da tsohuwar muryata ta Malam Mai Kwamfuta na yi maganar.

Muka fara da shagunan Roni. A na farko wata yarinya mai buga takardu ta karɓa da ladabi, ta juya shi, ta ce, “Baba, laya ce?” A na biyu aka kira maƙwabta su zo su ga abin tarihi. Sai a Kazaure muka dace da wani magidanci mai gyaran na'urori, wanda ya ce rabonsa da ganin irinsa tun yana koyon aiki. Ya tono wata tsohuwar kwamfuta daga ƙarƙashin tarkace, ya yi yini guda yana lallashinta har ta buɗe ido. Ya miƙo hannu, na ce a'a, ni zan sa. Na tura faifan farko. Ƙyat. Fitila ta kama, gurnanin ya taso, muryar ƙuruciyata sak. Amma gurnanin bai sauka inda ya saba sauka ba, ya rikiɗe ya zama kamar tarin tsoho. Mai gyara ya zare shi, ya ture 'yar ƙofar ƙarfen ya duba a haske, ya nuna mini fumfuna fari-fari kwance a ciki. Gara ba ta ci ba, gaskiya ne. Ban taɓa tunanin damina tana shiga adaka ba.

Na tura na biyu da bisimilla. Aka yi gurnani, sai ga kalma guda a gilashi: BURTALI. Na karanta wa Ardo da ƙarfi, ya ce, “Allahu akbar,” ya matso har numfashinsa na taɓa kafaɗata. Mai gyara ya danna a buɗe. Gurnani, shiru, gurnani, shiru. Sa'an nan wani rubutu ya fito da Turanci, cewa ba ta iya karanta faifan, ko ana so ta wanke shi ya koma sabo? Ban san sa'ad da na kama hannun mutumin ba. Muka sake, muka sake, har aka kira magariba. Daga ƙarshe ya ce, “Baba, ka yi haƙuri. Ƙofa tana nan da sunan mai gida a jiki, amma ɗakin ya rufta.” Ya aika da shi wurin wani ubangidansa a Kano, bayan kwana uku ya dawo da amsa iri ɗaya.

Na je bayan masallacin ƙauyenmu, ko da na san abin da ƙasa ke yi wa takarda. Ashe an faɗaɗa masallacin, wurin da na haƙa yana ƙarƙashin siminti, sahu na uku ko na huɗu.

Ranar zama na sa babbar rigata, na tsaya gaban hakimi na faɗi abin da na sani: akwai yarjejeniya, na gan ta, na buga ta, ga ta a hannuna. Waɗanda ke ɗaya ɓangaren ba baƙi ba ne, har da jikokin Baffa a cikinsu, kuma ba azzalumai ba ne, mutane ne masu 'ya'ya da ƙaramar gona. Ɗayansu ya russuna ya ce, “Baba, ba mu ƙaryata ka ba. Faɗinsa taku nawa ne?” Na buɗe baki. Arba'in ne? Sittin ne? Aduwar tana hagu, wannan na tuna, amma hagun wane dutse? Baffa da ido rufe ya kawo abin da gara ta cinye, ni kuwa da na buga kowace kalma da yatsuna ban riƙe komai ba, domin ran nan hankalina yana kan yadda suke kallona. Hakimi ya ce shi ba ya hukunci da abin da ke kulle. Ya roƙi manoma alfarma, suka bar hanya, iyakar wadda mutum zai bi da jakinsa. Garke ba ya bin irin wannan.

Shi ne makon jiya da hantsi na ji kofatai a kan kwalta, wani sauti busasshe wanda ba haka shanu ke yi a ƙasa ba. Na fito. Ga su nan sun cika titi, masu babura na ta yi musu oda, mata na biye da ƙore a kai, tukwane da tabarmi ɗaure bisa jakuna. Ardo ya ratso ya tsaya a ƙofata. Na shiga na ɗauko hankicin, na buɗe a gabansa, na ce, “Ardo, ka yafe mini. Mahaifinka ya roƙi takarda, na hana shi.”

Ya ce, “Ya ba mu labarin, Yaya, ya fi sau goma, yana dariya. Ai ba ka yar ba, ka ajiye.” Ya ɗauki faifan da ya nuna suna, ya kai kunne ya girgiza, ya ɗan murmusa. “Har yanzu ko maraƙi.” Ni ban iya murmushin ba. Ya ce, “Maganar Baba da ta Baffanka tana ciki, ko ba ta fita. Zan tafi da wannan.”

Na ce kada ya bar shi a rana, kada ya ajiye shi kusa da rediyo. Da na ji abin da bakina ke faɗa sai na naɗe hankicin bisa ɗayan. Ya sa shi a aljihun gaba, ya dafa da hannu, ya bi bayan shanunsa. Ban tambaye shi inda suka nufa ba, shi ma ina jin bai gama sani ba. Na tsaya har ƙarar kofatan ta ɓace.

Ɗayan yana nan a adaka. Jiya na ɗauko shi na duba gindinsa. 'Yar tagar tana nan yadda na kulle ta ranar Asabar ɗin nan, ba mai iya goge abin da ke ciki.